Gawayin da Mahdi Ya Shafa Mini

Mahdi ɗan Hinda, kai ka maida ni mayya. Ba Tanko ba, ba matan unguwa ba. Kai.

Na san ka tun kana yi wa yara tatsuniya a rediyon Magarya, kana tsayawa nan Bande bisa mashin ka ci ƙosaina. Aka ɗauke ka Damagaram, daga can sai Yamai, aka ce kai ke tsara shirin yara a tele, talabijin ke nan. Mun yi maka murna. Bara bayan girbi sai ga ka da mota da masu kamara, ka durƙusa gaban kaskona.

Ka ce, "Iya Ɗela, wasan yara za mu yi, kashi biyu. A na farko gari ya ce tsohuwa mayya ce. A na biyu a gane zazzaɓin sauro ne, a ba ta haƙuri. Don a daina jifan tsofaffi."

Na ce, "Ɗan nan, duk Yamai ka rasa tsohuwa?"

"Na can sun yi ƙiba, Iya. Babu mai irin idonki."

Muka yi dariya. Kuka shafa mini gawayi, kuka sa na leƙo ta kan darni ina lashe baki, yara na gudu. Na biyun ma mun yi shi, har maigarin wasa ya durƙusa mini.

An haska na farko. Na biyu shiru. Wai ka samu babbar kujera a wani gidan tele, wanda ya gaje ka ya zo da nasa shiri. Amma lashe bakin nan yana cikin salular kowa, daga Bande har Kwaya. Yara suka fara "Iya Mayya" da wasa, ina kora su da wasa. Sannan uwaye suka daina aiko su sayen ƙosai.

Shekaranjiya Fiddausi 'yar maƙwabcina Tanko ta kwanta, jiki kamar garwashi, tana ta kiran sunana. Ba dole ta kira ba? Duk unguwar nan ita ta fi iya kwaikwayona.

Jiya da hantsi Tanko ya yi sallama, mata a bayansa.

"Iya, ki taimaka ki zo ki tsallake ta."

"Tanko, ni na yanke maka cibi. Ɗora ta a amalanke ka kai ta likita."

"Za mu kai. Ki fara sakinta tukuna."

"In saki me? Wasa ne! Kana tsaye aka yi, har kai ka riƙe musu igiyar wuta."

Wata daga baya ta ce, "In wasa ne, don me duk garin nan ke ya zaɓa?"

Na rufe ƙofata. Na sa aka kira lambarka, wata yarinya ta ce mai gida yana taro. Ina zaune ina jin nishin Fiddausi ta cikin darni, jakin Tanko na ɗaure, ba mai niyyar kwance shi. Ni suke jira. Da azahar nishin ya fara ja baya.

Sai na tashi na shiga. Gaban kowa na ɗaga zane, na tsallake 'yar da nake ba ƙosan ƙarshe kyauta. Na ce, "To, ku kai ta." Nan take suka ɗaura amalanke.

Yanzu tana kwance gidan likita a Magarya. In ta tashi, za su ce na sake ta. In ta cika, Allah ya kiyaye, za su ce na cinye ta, ga ɗakina na kara. Yau da safe na tarar an watsa toka a bakin ƙofata, wai maganin mayu.

Mahdi, fito daga taron nan. Ɗauko kashi na biyu ka haska shi a bakin kasuwar Bande ranar da take ci. Ka tsaya gaban maigari na gaskiya, gaban Tanko, ka faɗa da bakinka wa ya shafa mini gawayi, kuma don me ka tafi ba ka wanke shi ba.