Yawun Gwaggo Ismay

Kaf tsibirinmu na Caye Caulker babu wanda ya tsani tofar da yawu kamar Gwaggo Ismay. Ta taɓa bin mai sayen burodin kwakwarta da tsintsiya don ya yi kaki a ƙofar gidanta.

Mijinta Kawu Elston tsohon mai nutso ne, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Abu ɗaya ke cin ransa: wani katafaren murjani mai rassa da ke tsiro a ƙasan teku, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kewayawa, yana nan da rai, ko zafin teku ya kashe shi? Na ce masa murjanin lafiyarsa lau.

"Kai Delbert, rufe mana baki," in ji shi. "Kai da ko silifa ka gani a ƙasan ruwa sai ka ce wa baƙin da kake kaiwa yawon teku abin al'ajabi ne? Ismay za ta je. Ita ko fasto ne wa'azinsa bai yi daɗi ba sai ta gaya masa."

Haka na ɗauko ta a kwalekwale, da hular coci da rigar ceto har wuya. Na miƙa mata gilashin nutso da bututun numfashi.

"Gwaggo, sai kin tofa yawu a cikin gilashin kin goga, in ba haka ba hazo zai rufe shi."

"Ni? Ɗan nema, wa ya koya maka ƙazanta?"

Ta faɗa ruwa haka nan, ta ɗago tana masifa wai teku duk hayaƙi ne. Ta goga lemon tsami a gilashin, idanunta suka yi jawur. Ta ga inuwar kwalekwalen ta kurma ihu wai dodo.

Da ta gaji ta ce, "Juya min baya. Ka waiwayo, ka ga tsiya."

Sai na ji "tuf!" mai ƙarfin da ya tashi tsuntsun da ke kan injina. Na danne dariya har cikina ya ƙulle.

Wannan karon ta daɗe ba ta ɗago ba. Na san abin da take kallo: murjanin ya yi fari fat kamar ƙashi tun bara. Da ta hawo ta zauna tana ɗigar ruwa, sai tausayinta ya kama ni.

"Delbert, da yana raye, yaya kalarsa take?"

"Ruwan zuma, Gwaggo. Da 'yan kifaye shuɗɗa suna shawagi a tsakanin rassan."

Ta goge fuska da bakin hula.

"Maimaita min a hankali kafin mu isa gida. Ban saba yin ƙarya ba."