Babu Gishiri a Patin Linval

Ranar da labarin ya iso ni ina bayan ɗaki ina cire ciyawa a cikin alayyafo. Na ji kare ya yi haushi sannan ya yi shiru, na san wanda ya shigo ba baƙo ba ne. Mas Hubert ne, mai jirgin kamun kifin da ɗana Linval yake wa aiki. Mutumin da tun daga bakin titi ake jiyo muryarsa, ran nan sai ganinsa kawai na yi ya zagayo inda nake. Hularsa na hannu.

"Mis Icilda, ajiye fartanyar nan."

"Faɗi abin da ya kawo ka, Mas Hubert, ina ji."

"Ki zauna tukuna."

"A kan me zan zauna, kan alayyafo?"

Ya ce sun je nitso wajen tsibiran Pedro, can tsakiyar teku, kamar yadda suka saba. Linval ya shiga ƙarƙashin ruwa da tiyon iska a baki yana ɗebo katantanwa. Injin da ke tura masa iska daga cikin jirgi ya yi tari ya mutu. Kafin su tashe shi an ɗauki lokaci. Da suka jawo tiyon sai ya taho babu nauyi. Sun nema, sojojin ruwa ma sun nema.

Na ce, "To ina yake?"

"Ba mu same shi ba."

"Na ji wannan. Ina kuka baro shi nake tambaya."

Ya ɗaga hannu ya nuna kudu, wajen teku, sai ya ji kunyar hannun nasa ya mayar da shi aljihu. Ban yi kuka a gabansa ba. Na koma kan ciyawa, don ban gama layin ba.

Linval shi kaɗai na haifa. Yana saurayi ya shiga cikin 'yan Rasta, ya bar aski, gashi ya zama dada har gadon baya. Gashin bai dame ni ba, abincin ne ya dame ni. Ya bar nama, ya bar ƙwai, ya bar gishiri. Kifin da yake kamawa ma sai dai ya sayar.

Nakan ce masa, "Kai ɗan nan, akuya ce na haifa? Ganye, ganye, ko gishiri babu."

"Mama, gishiri yana sa rai nauyi. Kakanninmu da ba su ci shi ba tashi suka yi sama suka koma gida Afirka."

"To ka tashi mana, ka rage mini kuɗin mota zuwa May Pen."

Ya yi dariya ya ɗaga ni sama cak, ina dukan kafaɗarsa da ludayi.

Abin da ya fi kewa a cikin abincin da ya bari shi ne pati, ƙullun fulawa da ake naɗe nama a ciki a gasa. Tun yana ɗan makaranta in ya samu pati mai nama da zafinsa, ya tura shi cikin burodin kwakwa, ba ya jin kira. Saboda haka na zauna na koyi yi masa irin nasa a gida. Na ɓata fulawa ba kaɗan ba. Na farko ya fito kamar tafin takalmi, ya ce a ajiye, zai ɗaura a tarkon kifi ya riƙa nitsar masa da shi. A hankali hannuna ya gane. Man kwakwa ne a madadin kitsen sa, kuma sai ya daskare ake sa shi. Inda gishiri zai shiga sai a ƙara lawashi da tayim da attarugu, har harshe ya manta akwai abin da babu. Duk tafiyar da zai yi teku da patin nan yake tafiya, a naɗe cikin tawul.

Babu gawa, babu kabari. Fasto ya zo ya yi addu'a ya ce teku ma za ta mayar da matattunta ranar ƙarshe. Na ce masa na gode, amma ranar ƙarshe ta yi mini nisa. Ni daren tara na sa a gaba, taron da muke yi a dare na tara bayan rasuwa. A daren ne mamaci yake shigowa gida karo na ƙarshe, ya ci abin da aka ajiye masa a tebur, ya ji waƙa, sannan a ɗaga katifarsa a jingine da bango don ya ga babu sauran wurin kwanciya, ya kama hanyarsa. Wanda ba a yi wa haka ba ba ya samun hutu. Tunda ba a ba ni gawarsa na wanke ba, na ce ko ba komai zan ciyar da shi in sallame shi da hannuna. Abin da ya riƙe ni a tsaye ke nan.

Yayata Adassa ta taho daga Mandeville da jakunkuna da baki. Ita ta kama komai: rumfa, kujeru, kifin soyawa, wainar rogo, giyar rake ta masu waƙa. Na bar mata duka, na ce pati kawai kada kowa ya taɓa.

Da hantsin ranar taron na shiga kicin. Goggo Tensi, tsohuwar da ke jan waƙa a duk wani daren tara na unguwarmu, tana zaune a bakin ƙofa tana gyara mini alayyafo, tana ɓare zaren jikin karan. Na tankaɗe fulawa, na zuba kurkum da kori har ta yi rawaya. Na ciro man kwakwa daga cikin ƙanƙara, na riƙa murza shi cikin fulawar da kan yatsu, da sauri kafin ɗumin hannu ya narkar da shi. Na yayyafa ruwan sanyi na tattara ƙullun ba tare da na cuɗa shi sosai ba, na rufe shi da tawul mai laima na ajiye ya huta. Sannan na ɗora kasko. Albasa, tafarnuwa, lawashi, kabewa da karas yankan ƙanana, alayyafo a ƙarshe, da ɗan madarar kwakwa. Na jefa attarugu guda ban fasa shi ba, don ƙamshinsa kawai. Ƙamshin ya cika kicin, na ji kamar in na juya zan gan shi a bayana da cokali yana jiran in ɗauke ido.

Gawayi ya ƙare, na fita bayan ɗaki in ɗebo. Da na dawo na tarar da Yaya Adassa a kan kaskona tana juyawa. Na karɓi cokalin na ɗanɗana.

"Yaya, me kika sa a nan?"

"Me na sa kuwa? Lami ne salam, na gyara miki."

"Gishiri kika sa."

"Ɗan kaɗan. Cilda, mutane za su cika gidan nan. So kike a ce ƙanwar Adassa ta manta girki?"

"Na Linval ne."

Ta tsaya da bakinta a buɗe. Ita da kanta ta san abincin mamaci ba a sa masa gishiri, ko da mamacin mai cin naman alade ne. Hannunta ne ya riga hankalinta. Ta ce, "Wayyo Allah, na ɗauka na baƙi ne," ta fara kuka, ta ce za ta aika kasuwa. Na ce babu alayyafon kasuwar da zai shiga patinsa, nawa yake ci.

Na koma bayan ɗaki. Na riga na yanke mai kyaun duka, saura tsofaffin kara da ganyen da tsutsa ta huda. Na tsinci abin da zan iya tsinta a durƙushe, na haɗa da ragowar kabewa. Na wanke wani kasko har sau nawa ban sani ba, na sake daga fari. Wuƙa ta yanke ni a yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Goggo Tensi tana kallona duk wannan lokacin. Ina murza ƙullu da kwalba ta ce, "Icilda, 'yata, kada ki kashe kanki a kan patin nan."

"Saura kaɗan, Goggo."

"Ba shi nake nufi ba. Ko da gishiri ko babu gishiri, ɗaya ne."

Yaya Adassa ta ce, "Goggo, don Allah ba yau ba."

"Yaushe to? Gobe da safe, in ta ga faranti yadda ta ajiye shi?" Ta juyo gare ni. "Wanda teku ta ɗauka ba ya zuwa daren tara. Mamaci ba ya ƙetare ruwan gishiri. Wanda ya mutu a Ingila ma sai an kawo gawarsa yake iya zuwa, balle wanda ke kwance a cikinsa. Mijina Cleophas haka ya tafi. Na soya masa kifi, na yi waƙa har muryata ta dishe. Ba wanda ya gaya mini, shi ya sa nake gaya miki."

"To me ya sa kika zo ki yi waƙa?"

"Don ke. Kuma ana ba ni giya."

Na tambaye ta ko babu wata hanya. Ko a kai abincin bakin ruwa, ko a shiga jirgi a kai masa can.

Ta ce, "In akwai, ni ban san ta ba. Da na yi wa Cleophas, duk da bai cancanta ba."

Ban daina ba, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba in na daina. Na kifa ƙaramin faranti a kan ƙullun na yanka da'ira-da'ira. Na zuba haɗin a gefe ɗaya, na ninke, na danne bakin da cokali mai yatsu. Na shafa madarar kwakwa a baya, na jera su cikin tukunyar ƙarfe, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Sun fito da kyau, abin haushi. Ɓawon ya tashi falle-falle, yana zuba in an taɓa. Ban taɓa yin waɗanda suka kai su ba.

An yi taron. An yi waƙa, maza sun buga domino, an ci kifi, an ci patin da Yaya ta naɗe wa baƙi da haɗin nan mai gishiri ana yabawa. Abokansa 'yan Rasta ba su zo ba, su ba sa zuwa wurin mutuwa, na sani tun da. Ni na ajiye farantinsa a kan tebur ƙarƙashin rumfa na koma ɗaki.

Gari na wayewa na fito. Patin na nan yadda na jera su, sai tururuwa da ta yi layi tana ɗibar ɓawon. Na san ko mamacin da ya zo ba ya cinye abinci a gani, ƙamshin yake ɗauka, a wayi gari abincin ya zama lami kamar takarda. Na kakkaɓe tururuwar na gutsura ɗaya. Attarugu na nan, tayim na nan, komai na nan. Ba wanda ya taɓa shi.

Na shiga ciki na tarar da Yaya Adassa da Mas Hubert a ɗakin Linval, sun kama katifar za su ɗaga.

Na ce, "Ku sake ta."

"Cilda, tun jiya ya kamata a ɗaga, ke kika kulle ƙofa."

"Bai zo ba, Yaya. Wa za ku kora?"

"Ba kora ba ce, sallama ce."

"Ana sallamar wanda bai iso ba? In ya samu hanya wata rana ya tarar da katifarsa a bango, me zai ce na yi masa?"

Mas Hubert ya saki nasa gefen ya fita a hankali. Yaya ta ce in na bar katifar nan a shimfiɗe ni ma ba zan ƙara samun hutu ba. Na ce na sani. Ta ce in tattara in bi ta Mandeville, akwai ɗaki, ga sanyi, ga cocinsu. Na ce in na tafi wa zai tarar a gida. Ta zauna a bakin gadon ta yi kuka, ta ce gishirinta ne ya jawo. Na ce mata ba nata ba ne, nata cokali ɗaya ne. Da rana ta hau mota. Tana kira a waya ranar Lahadi, muna maganar ciwon gwiwa.

Ban ƙara yin pati ba. Na gwada sau ɗaya, ina sa hannu cikin fulawa na ji ba zan iya ba, na rufe na ba maƙwabciya. Alayyafon ya yi fure ya zubar da iri, yana fitowa da kansa inda ya ga dama. Goggo Tensi ta rasu bara, a kan gadonta, an yi mata daren tara, an ce farantinta ya wayi gari salam. Na yi mata murna.

Ban yarda zai zo ba. Ba na so mai karanta wannan ya ɗauka ina zaune ina jiran mu'ujiza. Tsohuwar ta san abin da take faɗa. Sai dai na yi ta tunani, in da a ce mutum ya fito daga teku, abin da zai fara buƙata ba abinci ba ne, ruwan daɗi ne da zai ɗauraye jikinsa kafin ya iya shiga gida. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na ƙirƙira.

Kullum da safe nakan ɗebi ruwan sama daga cikin duro, in cika farar roba, in ajiye a bakin ƙofar shinge. Karen maƙwabta ne ke shanyewa, wani lokaci kaji. Ina ganinsu ta taga. Washegari in ɗauraye robar in sake cikawa.