Yanka Uku a Ƙarƙashin Bene

Shekara ashirin ke nan ɗakin sama na gidanmu yana lotsawa ta tsakiya. In ka kwantar da kwalba a ƙasa, da kanta take gangarawa gindin gado. Maƙwabta suka ce gara ce, don a wurinsu duk abin da ya sami tsohon gida gara ce, ko da ƙwan fitila ne ya mutu. Ni ban yarda ba, na ce aikin maigidana ne. Kafinta ne, Allah ya jiƙansa, shi ya shimfiɗa katakon benen da hannunsa. Tun yana raye nake tsokanarsa a gaban yara: "Na mutane ka yi musu mai kyau, namu ka haɗa da ragowa." Sai ya yi murmushi kawai. Yaran suka tashi da maganar. Ko kujera ce ta gurgunce sai su ce, "Aikin Baba."

Da babbar 'yata ta yi shirin dawowa da iyalinta gidan, ta ce ba za ta sa 'ya'yanta a ɗakin ba sai an duba. Ta zo da injiniya, wani siriri mai tocila a aljihu. Ya taka ɗakin kusurwa-kusurwa, ya tsaya a tsakiya ya doka dunduniya har madubi ya girgiza. Ya ja zare daga bango zuwa bango, ya zura yatsu uku tsakanin zaren da daɓen.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji 'yata tana dariya. "Babanmu ne ya yi. Umma, gaya masa."

"Ai ya gani da idonsa," na ce.

Muka sauka falo. Ya hau tsani, ya cire allon silin biyu, ya cusa kai. Muna jin sa yana caccakar manyan katakan da suka ɗauki benen da sukudireba.

"Mama, babu gara ko ɗaya. Babu ruɓa. Wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa: katako mai kauri, tazara daidai, kowanne ya zauna sosai a kan bango." Ya matsa da tocilar gaba. "Amma wani ya zo daga baya ya yi ɓarna. An sare uku ta ƙasa, daidai tsakiya, don bututun ruwa ya wuce. Nan ne inda nauyi ya fi ja. Kusan rabin kaurin aka cire."

Na jawo kujera na zauna.

Na san bututun. Ni na so banɗaki a sama. Maigidan ya ce sai dai bututu ya bi ta bayan bango, na ce ba zan zauna a gida mai hanji a waje ba. Da aiki ya kai shi wani gari na sati biyu, na kira mai gyaran famfo. Ya leƙa silin ya ce katako ya tare hanya. Ina tsaye a nan, daidai inda tsanin yake, na ce, "To zarton naka na ado ne?" Kafin maigidan ya dawo an rufe an yi fenti. Bayan shekara biyu ɗakin ya fara lotsawa. Ni da ba a raina mini hankali a lissafi, ban taɓa haɗa abu biyun nan ba. Ko kuwa dai ban so haɗawa ba.

"Ka ji Baba kuma," in ji 'yata. "Ya yi mai kyau ya dawo ya ɓata."

"A'a, ba hannu ɗaya ba ne," injiniya ya ce daga cikin silin. "Yankan nan kamar cizon kare. Amma ku zo ku ga wani abu. An ɗaura wa kowanne ɗan katako a gefe, an jera ƙusa tsaf, irin jerin mai aikin farko. Ya gano ɓarnar ya yi mata ɗori. Ba don haka ba, da tuni gadon Mama yana falo."

Wato maigidan ya buɗe silin nan wata rana da ba na gida, ya gani, ya gyara iya abin da zai iya, ya rufe. Ya kuma zauna ina yi masa ba'a a gaban 'ya'yansa har ya bar duniya.

'Yata ta hau tsanin ta daɗe tana kallo. Ta sauko idonta jawur. "Wane marar imani ne ya yanka, Umma?"

Mai gyaran famfon ya daɗe da barin unguwar, da na ce shi ne an wuce wurin.

"Ni ce na sa. Babanku ya hana, na jira ya yi tafiya."

Injiniya ya duƙufa yana naɗe zarensa kamar bai ji ba. 'Yata ta zura mini ido.

"Kira ƙannenki," na ce. "Ɗaya bayan ɗaya. Ki ba ni wayar, da bakina zan gaya musu."