Shaidar Malam Japhet

Ranar Lahadi, lokacin ba da shaida, Malam Japhet ya miƙe a majami'a ya ɗaga kwalbar maganinsa sama, ba komai a cikinta. Ya ce wata bakwai ke nan yana bautar ƙwayar barci, tun hatsarin motar da ya yi a hanyar Kaduna, amma jiya ya juye ta a masai, daga yau barcinsa yana hannun Ubangiji. Majami'a ta kaure da tafi, 'yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa. Matarsa Tabita ma ta tafa, to ya za ta yi, duk ido a kanta yake. Amma ta san akwai haɗari. Tana zaune a ofishin likita ranar da likitan ya faɗa, har sau biyu, cewa wannan magani ba a yanke shi lokaci guda, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, shi ma da sanin likita.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta fi kowa yi masa gorin ƙwayar nan. Kullum sai ta ce, dattijon coci guda, amma ido ba ya rufuwa sai an haɗiyi abu. Ga shi ya ji maganarta, ya ji ta har ta yi yawa.

Litinin ta wuce lafiya. Talata ya tafi makarantar da yake koyar da lissafi a nan Samaru, sha ɗaya ba ta yi ba ya dawo, wai alli yana zame masa. Safiyar Laraba kuwa rabin shayinsa a jikin rigarsa ya ƙare. Zufa ta jiƙe shi sharkaf, ya ce a kashe rediyo, ƙarar tana sokar masa kai. Da iska ta bugo ƙofa sai da ya zabura ya miƙe tsaye. Kwana uku bai runtsa ba, kuma ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Tabita ta ce masa za ta kasuwa, ta hau mota zuwa Sabon Gari. A PZ ta sauka, ta shiga kantin magani na Paschal, wanda a wurinsa suka saba karɓa. Ta rage murya ta ce mijinta ya daina shan ƙwayar barcinsa, guda biyar kawai take so, za ta daka masa a kunu bai sani ba.

Paschal ya ajiye biron da ke hannunsa. "Ina takardar likita, Madam?"

"Haba Paschal, yau ka fara ganina?"

"Na san ki, na san Oga. Ko uwata ce ba zan ba ta wannan ba sai da takarda. Kuma a kunu? Kin san nawa jikinsa zai ɗauka yanzu? Ni kaina ban sani ba, likita ne zai faɗa. Yaushe ya daina?"

"Asabar."

"Hannunsa yana rawa?"

Ta gyaɗa kai.

"To ba kantina za ki zo ba. Mai irin wannan yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani ba ya tashi. Abeg, ki kai shi asibiti yau, kar ki ce gobe."

Tsoro na gaske ya kama ta. Ta yi shatar keke napep tun daga nan, duk hanya tana ganin kamar ba ya tafiya. Da suka isa ta ce mai keken ya jira a ƙofar gida.

Ta tarar da mijinta a bakin baranda yana kokawa da maɓallin riga. Ta durƙusa ta gaya masa komai, har da zancen kunun, ba ta ɓoye ba.

"Maman Hope, gaban jama'ar Allah na tsaya na yi magana. In koma in ce musu me?"

"Baban Hope, masu tafin nan kowa ya tafi gidansa ya ci tuwonsa. Ni aka bar wa kai. Bakina ne ya jawo, ka yafe mini, amma ka tashi mu tafi."

"Ba inda za ni. Gwaji ne, zai wuce."

Ta ja hannunsa, ya fizge. Tana tsaye ta rasa ta inda za ta ɓullo masa, sai ga sallama. Mama Dorkas ce, tsohuwar da ke jan waƙa a zumunta, tana dogara sanda, fuskarta cike da fara'a.

"Ɗana, na ce sai na zo da ƙafata na gode maka. Shaidarka ta shige ni. Tun daga ranar ni ma na ajiye maganin hawan jinina, ko guda ban ƙara sha ba. Kan ne dai yake ɗan sara mini, amma in na tuna da kai sai in daure."

Tabita ta dubi mijinta. Malam Japhet ya daɗe yana kallon tsohuwar, leɓensa yana motsi. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu ya miƙa su gabanta, suna karkarwa, ya bar ta ta gani da kyau.

"Mama, dubi nan. Likita ya hana ni, na ƙi ji. Ban warke ba. Ina maganin naki yake?"

"Yana ƙarƙashin filo," in ji ta, fara'ar ta gushe.

"Mu biya ki ɗauko. Tare za mu asibitin, a auna ki."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Tabita ta shiga ƙarƙashin kafaɗarsa, mai keken ya kama ɗaya ɓangaren. Suka sa shi a tsakiya, tsohuwa a dama, ita a hagu tana danne masa hannuwa a cinyarta, tana jin rawar tana ƙaruwa. Ta ce wa mai keken ya yi sauri, don girman Allah.