Kujerar Gaba zuwa Kanada

Ranar da Malam Sahabi ya shigo Highbridge, unguwarsu a New York, da motar nan mai ɗaki, sai da masu shaguna suka fito bakin ƙofa kallo. Doguwa ce, fara, a cikinta akwai gado, akwai murhun gas, akwai firji, har da wani ɗan mitsitsin banɗaki wanda in mutum ya shiga da gaba sai dai ya fito da baya. Hayarta ya ɗauko daga can unguwar Jamaica, kusa da filin jirgi. Ya yi ta zaga unguwa kafin ya sami wurin ajiye ta, a ƙarshe ya cinye gurbin motoci biyu a kan gangara, ya sa mata dutse a bayan taya kamar yadda ake yi a gida.

Matarsa Hajiya Fanna ta sauko daga bene ta duba. Ba ta kalli gadon ba, ba ta buɗe firjin ba. Gaba ta wuce kai tsaye, ta shafa kujerar da ke gefen direba, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ce madalla.

Sai an san tarihin kujerar nan za a gane dalili. Shekara ashirin da wani abu da aurensu, Fanna ba ta taɓa yin doguwar tafiya a gaban motar mijinta ba. Ba mugunta ce ta Malam Sahabi ba, kirki ne ma ya yi masa yawa. Direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan, kuma kaf unguwar an san bakinsa bai iya cewa a'a ba. In za su biki Philadelphia, sai a sami dattijon da zai bi su, dattijo kuwa ba a sa shi baya. In gaisuwar mutuwa ce a Washington, ga liman. Ko babu liman akwai baƙon da ya sauka daga gida jiya, a bar shi ya ga gari. Ita tana can baya da kulolin abinci a cinya, ta haddace ƙeyar mijinta har ta san lokacin da furfura ta fara fito masa. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ba ta dai taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Shi ya sa da ya sami hutu ya ce ta zaɓi abin da take so, ba ta tsaya kwana-kwana ba. Ta ce Kanada, su biyu rak, ita a gaba.

Suka zauna da taswira a waya. Malam Sahabi ya nuna mata hanyoyi uku. In aka miƙe arewa sak, a tsallaka bodar Champlain, sai Montreal. In aka yi yamma har Buffalo, sai Toronto. Akwai kuma ta tsakiya, wata gada da ta ratsa tsibirai bila adadin, ana ce wa wurin Thousand Islands.

"Wa muka sani ta tsakiyar nan?" in ji Fanna.

"Babu kowa."

"To nan za mu bi. Kuma Malam, don Allah kada ka yi wa kowa sallama. In mun dawo ka ba su labari."

Ya kalle ta kamar ta ce ya fita ba wando. "Haba, Fanna. A bar ƙasa ba sallama? In ta Allah ta kasance a hanya fa? Liman kaɗai zan gaya wa, ya sa mu a addu'a."

Liman kuwa ya sa su a addu'a, a lasifika, bayan sallar Juma'a, har da bayanin cewa motar tana da fili.

Kafin magariba falon Fanna ya koma tasha. Na farkon zuwa shi ne Alhaji Amadou, mutumin Maraɗi. Shi ya sauki Sahabi lokacin da ya fara shigowa New York da jaka ɗaya, ya kwana a falonsa wata da watanni, don haka maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ya zo da kwali biyu da ƙullin kilishi na 'yarsa da ke aure a Montreal. Bai gama zama ba sai ga Fataw, ɗan Zangon Kumasi mai shago a Soundview, da jarkar manja, kwalaben shito, yajin nan na mutanen Kumasi, da keken ɗinki na ƙanensa a Toronto. Bayan su aka yi ta shigowa, wannan turmin atamfa, wancan tukunyar shinkafa mai lantarki, wata tsohuwa ma bargo ta kawo ba ta san garin da jikanta yake ba, ta ce dai yana Kanada, in sun tambaya za a nuna musu.

Duk wanda ya miƙo, Malam Sahabi sai ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ba komai, in sha Allahu." Fanna tana kicin tana jin kowane ba komai kamar ana taka mata ɗan yatsa.

Sai gardamar hanya ta tashi.

"Bon, tahiya ba ta son dogon zance," in ji Amadou. "Champlain. Hanya guda, miƙaƙƙiya. Can hurontiyar, wato boda, Faransanci suke ji, in ka ce musu bonjur shi ke nan sun buɗe maka."

"Sahabi yana jin Faransanci ne?" in ji Fataw. "Chale, abokina, Buffalo. Ni na bi ya fi a ƙirga. Kada ka yarda da wayar nan kuraa, ko kaɗan, zai kai ka fakwe, titin ƙananan motoci inda gadoji suke gajeru, a aske maka rufin mota. Hajiya ma ya san Buffalo ya fi."

Hajiya dai ba a tambaye ta ba. Malam Sahabi ya juya ya ce wa Amadou gaskiya ne, ya juya ya ce wa Fataw shi ma gaskiya ne. Da suka watse hanya ta zama: a fara zuwa Montreal, a gangaro Toronto, a dawo ta Buffalo. Tsibiran Fanna sun nutse ba wanda ya ji ƙararsu.

"Saƙo amana ne," in ji shi, yana kauce wa idonta. "Amma kujerarki tana nan. Wannan kam na yi alkawari."

Da safe ta sauko da kwalliyarta, lafaya sabuwa, turare yana tashi, ga ɗan filas na shayi da ta dafa wa su biyu. Ta buɗe ƙofar gaba. Alhaji Amadou yana zaune a kan kujerar, ya riga ya ɗaura bel, ya ma gyara ta daidai tsawon ƙafarsa.

"Hajiya, an kwana lahiya? Rakkiya muka zo, iyaka bakin gada."

Ta amsa gaisuwar da ladabi. Idonta kuwa ya sauka a aljihun rigarsa, inda bakin fasfo ya leƙo. Tun da take ba ta taɓa ganin mai rakiya zuwa bakin gada da fasfo ba. Ta leƙa ciki, ga Fataw yana jera kwalaye a kan gado, shi kuma da matashin kai a hammata.

Ta kalli mijinta. Malam Sahabi ya sunkuyar da kai yana goge madubin da ba shi da datti. Ya matso ya ce a hankali, "Iyakarsa gada, Fanna. Kin san Alhaji. Ta yaya zan ce masa ya tashi?"

Ta hau ta ƙofar tsakiya ta zauna tsakanin jarkar manja da bargon tsohuwa, filas a cinya. Da ya zauna ya tayar da mota, sai ga ƙeyar nan a gabanta, furfurar ta ƙaru. Hawaye suka cika mata ido, na takaici, don ta san rakiyar nan sai Montreal.

Ya fito da motar daga gurbinta ke nan sai Fataw ya dafe kai. Keken ɗinki yana can sama a falo, an manta. Malam Sahabi ya tsaya a tsakiyar titi, ya kunna fitilun gargaɗi, ya ce minti ɗaya, suka ruga sama shi da Fataw. Titin Highbridge kuwa ba ya ɗaukar irin wannan. Nan da nan bas ta ƙaraso a baya, direbanta ya kwanta a kan ham, motoci suka yi layi har gindin gangara, wani ya zuge gilashi yana zagi da Sifaniyanci.

Amadou ya rikice. "Wai ina Sahabi? Ni ban taɓa tuƙa irin wagga ba."

Fanna ta ajiye filas. Shekarunta nawa tana tuƙa doguwar motar kamfanin da take wa aikin kula da tsofaffi, mai ɗaukar keken guragu, kuma a wurin haya mijinta da kansa ya ba da sunanta a matsayin direba na biyu, don dai an ce sai an ba da. Ta tattare lafayarta, ta ratsa ta tsakanin kujeru, ta zauna a mazaunin direba.

"Bari mu zago, Alhaji, kada 'yan sanda su zo."

Tana iya zagowa ta gajeren layi. Sai ta bi ta dogon, wanda ya ratsa ta gaban masallaci da shagon shayin da dattawan unguwa suke zama da safe. Ta rage gudu sosai a wurin, don akwai masu tsallakawa. Dattawa suka ɗago kai gaba ɗaya. Ga matar Sahabi da kwalliya tana tuƙi, ga Alhaji Amadou a gefenta ya ɗaura bel, ba Sahabi ba dalilinsa. Fanna ta zuge gilashi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali.

Amadou ya fara zamewa ƙasa. Ya ja hula ya rufe goshi. Ya yi ta kokawa da bel yana salati, da ya samu ya kwance kuwa da rarrafe ya wuce baya, ya zauna a kan kwalin 'yarsa yana share gumi. "Subhanallahi. Ni da matar mutum a gaba. Mi za a ce da ni a garin ga?"

Da ta zago ƙofar gida, Malam Sahabi da Fataw suna tsaye da keken ɗinki, baki buɗe. Suka loda. Malam Sahabi ya zo ta ƙofar direba ya buɗe, yana jira ta sauko. Ba ta sauko ba.

"Malam, zaga ka shiga," ta ce. "Kujerun gaba biyu ne. Wanda duk zai zauna a waccan, kusa da ni zai zauna."

Ya leƙa baya. "Alhaji, bismillah, dawo wurinka."

"Wallahi ba ni zuwa," in ji Amadou.

"Fataw?"

"Ni? Kusa da Hajiya? Daabi, a'a. Ina nan."

Wata bas ta sake danno ham. Malam Sahabi, direban jakadu, wanda bai taɓa ba wani sitiyari yana cikin mota ba, ya zaga ta gaba kamar mai zuwa karɓar allura, ya shiga ya ja ƙofa.

Ta tsallaka ƙaramar gada zuwa Manhattan, ta sami wuri kusa da tashar jirgin ƙasa ta tsaya. Ta juyo da fara'arta.

"To, ga bakin gada. Mun gode da rakiya, Allah ya bar zumunci. Alhaji, ga kilishin, naman gida ba ya tsallaka boda, ku ci a hanya. Sauran saƙo kuwa ko allura ba za ta ɓata ba. Ta tsakiya za mu bi. Ku gaya wa mutanenku su same mu a Kingston, yana tsakanin Montreal da Toronto, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Wanda ya san jikan mai bargo ya taho da shi."

Suka kalli Sahabi, don shi ne ba ya cewa a'a. Ya buɗe baki, ya kalli matarsa, ta riƙe sitiyari gam, idonta ya kaɗa duk da fara'ar. Sai a lokacin ya gane ba wasa take ba, kuka ne ta haɗiye.

"Yadda direba ta ce," in ji shi.

Suka sauka, mai fasfo da mai matashi. A madubi ta hango su tsaye a bakin titi, karon farko bakinsu ya zo ɗaya, suna nuna motar suna girgiza kai, Fataw ya riga ya kwance ƙullin kilishi.

Ta hau babbar gadar George Washington mai hawa biyu, ta bi ta sama, don mota mai tukunyar gas ba ta bin ta ƙasa. Malam Sahabi yana ta taka birkin da babu shi, yana cewa ta kula da tirelar nan, ta kula da waccan. Can sai ta saci kallonsa. Ya juya fuska wajen taga, yana kallon ruwa shimfiɗe har iyakar gani, rana tana wasa a kansa, ga wani ɗan jirgin ruwa yana tafiya abinsa.

"Ashe haka kogin nan yake?" ya ce. "Na haye shi ya fi a ƙirga. Ban taɓa ganinsa ba."

"Ni ma ban taɓa ganin gefen fuskarka a mota ba," in ji Fanna. "Zuba mana shayin, yana nan bayan manja."