Wanda Ke Riƙe da Ɗumin Gidan

Wietske ta ajiye kwali na uku na na'urar daidaita ɗumin gida a kan kantar shago, ta sake yi wa mai shagon tambayar da ta riga ta yi masa sau biyu.

"Wannan fa? Wani zai iya juya ta daga nesa?"

Dattijon ya gyara tabarau yana murmushi. "Madam, ai amfaninta ke nan. Kina wurin aiki ki taɓa waya, kafin ki iso gida ya yi ɗumi."

"Na sani. Wani nake nufi. Wanda ba ni ba."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi fuskarta, ya sassauta murya. "Sai wanda kika ba kalmar sirri. Wa ke riƙe da ta gidan yanzu?"

"Mijina. Mun rabu."

Harmen ne ya kafa na'urar daidaita ɗumi a bangon falonsu shekara uku da suka wuce, kuma da sunansa ya yi mata rajista. A watan Oktoba ya kwashe kayansa ya koma wani gida a can gefen birnin Leeuwarden, amma bai saki na'urar ba. Wietske ta kan farka da safe ta tarar falon yana digiri goma sha ɗaya. Ta murɗa da hannu, ƙarafunan ɗumi na jikin bango su fara ɗaukar zafi, bayan minti goma su sake mutuwa. Da rana kuwa, in ba kowa a gidan, sai ya ƙure ta, ta dawo ta iske shuke-shukenta sun yanƙwane. Kamfanin ya ce mai rajista kaɗai yake saurare. 'Yar sandan da ta karɓi ƙorafinta ta ba ta kofin gahawa, ta ce ta yi haƙuri, har yanzu rabin gidan nasa ne, na'urar ma tasa ce.

'Yarsu Jildou, mai shekara bakwai, mako uku ke nan tana tari. Ranar Litinin kuma takardar lauyan Harmen ta iso, haɗe da jadawalin sanyin gidan na kowace ranar da yarinyar take wurin uwarta. Uwar, in ji takardar, ta kasa ko ɗumama wa 'yarta ɗaki. Alhamis ta sama za su gaban alƙali.

Mai shagon ya sunkuya ya zaro wani ƙaramin kwali daga ƙasan kanta. "Da 'yata ce ke, wannan zan ba ki. Irin ta da, mai murɗawa da hannu. Ba ruwanta da intanet."

Wietske ta riƙe kwalin, ta ji kamar kada ta mayar. "Lauyata ta ce sai mai ajiye bayani. In ba ni da nawa jadawalin, nasa kaɗai alƙali zai gani."

Ta ɗauki wata fara mai haɗi da intanet, mai zagayayyar fuska. Dattijon ya zana mata yadda igiyoyin wuta biyu za su shiga, a bayan wata takarda. "Ki kashe wutar tukunyar ɗumama gidan kafin ki taɓa komai. Kuma ki canza kalmar sirrin intanet ɗin gidan, kin ji?"

Ƙarfe sha biyu yayarta Aukje ta iso, da kayan aikinta na direban bas a jiki, da akwatin kayan gyara a bayan keke. Tana shiga falo ta hura iska, ta ga tururin bakinta.

"Kai! Nan gida ne ko wurin ajiye kifi?"

"Yaya, kada ki cire kwat."

"Wa ya ce zan cire? Ina abin yake? Nuna min shi in kwance masa kai."

Wietske ta hau ɗakin sama inda tukunyar ɗumama gida take, ta zare fulogi. Da ta sauko, Aukje ta riga ta ɓalle tsohuwar na'urar daga bango, fuskar na'urar ta yi baƙi. Ta miƙo mata ita.

"Ga mijinki nan. A jefa shi a kogi ko a taka shi?"

"Ajiye. Lauya tana so."

"Lauya, lauya. Tun ranar ɗaurin aurenku na ce miki mutumin da ke jera cokula bisa tsawo ba lafiya ba ne."

"Ba ki ce ba. Rawa kika yi har takalminki ya karye."

"A zuci na faɗa."

Wietske ta yi dariya, dariyar ta ba ta mamaki. Ramukan tsohuwar ba su dace da sabuwar ba, Aukje ta huda wasu, ƙurar bango ta zubo mata a gashi. Igiya ɗaya ta ƙi zama, sai da suka fere bakinta da wuƙar kicin. Wietske ta zauna a ƙasa da takardar dattijon a cinya, ta buɗe sabuwar rajista da sunanta na gidan ubanta, ta canza kalmar sirrin intanet zuwa wata da ba ta da ranar haihuwar kowa. Sannan ta hau ta mayar da fulogi.

Fuskar na'urar ta kawo haske. Goma sha ɗaya. Wietske ta ja yatsa ta kai ashirin da ɗaya. A sama tukunyar ta yi gurnani, can sai ƙarafunan suka fara ƙas-ƙas.

Suka tsaya suna kallon agogo. Minti goma ya wuce. Sha biyar. Aukje ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ta janye da sauri.

"Shi ke nan. Ya ci ƙaniyarsa."

Suka ɗumama miyar wake, suka ci da burodi da cuku a tsaye. Da lambar ta kai goma sha takwas, Wietske ta cire kwat, ta cire rigar sanyi ta sama, ta saura da jar rigarta. Rabonta da zama haka a falonta tun kafin Kirsimeti. Aukje ta sumbaci goshinta, ta ce bas ɗin ƙarfe biyu ba ya jiran kowa, ta fita.

Wietske tana share ƙurar bango wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar da ba ta sani ba.

"Fara ta fi dacewa da bangon, kin iya zaɓe. Ki gaya wa Aukje na'urar ta karkace hagu kaɗan. Jar rigar nan har yanzu tana yi miki kyau."

Ta ɗaga kai a hankali. Na'urar ta karkace hagu kaɗan.

Bangon nan ba a hango shi daga titi, sai dai in an ɓoye kyamara a cikin gidan. Ta dubi ƙararrawar gargaɗin hayaƙi a rufi. Ta dubi fitilar da ke kusurwa, da agogon bango, da lasifikar da ke kan kantar littattafai, da soket huɗu da ke bayan kujera. Duk Harmen ne ya saka su, a ƙarshen mako daban-daban, yana fito, ita kuma tana miƙa masa sukundireba tana yaba masa. Akwai irinsu a kicin. Akwai a ɗakin kwananta. Akwai a ɗakin Jildou.

Ta kira Aukje, wayar ta yi ta ringi, tana kan sitiyari. Ta kira lauya, aka ce tana kotu, sai gobe da safe. Ta nemo lambar 'yar sandan nan, ta tsaya tana kallonta, ta tuna da rabin gidan da yake nasa, ta kashe fuskar wayar.

Ta mayar da rigar sanyi, ta mayar da kwat, ta ja zif har wuya. Ba ta taɓa na'urar ba, tana buƙatar jadawalin. Ta kulle ƙofa ta hau keke.

A bakin makaranta Jildou ta fito da gudu, jakarta tana lilo, ta yi tari sau biyu kafin ta iya magana.

"Mama, an gyara? Gidan ya yi ɗumi?"

"Ya yi."

"Sosai? Zan iya yawo ba safa?"

"Sosai."

"To mu tafi mana!"

Wietske ta ɗaga ta ta zaunar a kujerar baya, ta naɗa mata gyale a wuya, ta daɗe tana gyara shi.

"Bari mu biya laburare tukuna," ta ce. "Sai shida suke rufewa."