Ruwan Gefe Malalaci Ne

Shekara ashirin da shida Baba Kunne yana kula da injinan gidan ruwa. Aikin ne ya ba shi sunan: sai ya ɗora bakin sukudireba a kan bututu, ya manna kunne a ƙotar, ya faɗa maka ko ruwan ciki na gudu yadda ya kamata. Matarsa kan ce duk duniya bututu kaɗai yake saurara.

Sai aka kawo na'urar awo, wata siririyar sanda da ake zurawa cikin babban bututu. Kwana uku tana nuna ruwa ya rage gudu, shi kuwa yana cewa lafiya lau. Manaja bai tsaya dogon bincike ba, ya ce kunne ya tsufa, a sallami mai shi ƙarshen wata. Abin ya yi wa Baba ciwo, don korar ma ba ta dame shi kamar a ce ƙarya yake yi ba.

Aka turo wata sabuwar injiniya ta tabbatar. Yana tsaye gefe yana kallonta, sai ya lura sandar ba ta shiga bututun fiye da yatsa biyu ba. Masu sakawa sun ji tsoron kada ruwa ya lanƙwasa ta. Ya roƙe ta ta ɗan ƙara turawa. Ta tura, don kunyar furfurarsa kawai. Lambobi suka fara hawa, suna ta hawa har sandar ta kai tsakiya.

"Ruwan gefe malalaci ne, 'yata," in ji shi. "Yana gogar bango, bango na riƙe shi. Na tsakiya ba mai riƙe shi."

Ta dafe goshi tana yi wa kanta dariya. Ta sha zana wannan a makaranta, amma a takarda ya tsaya. Ta auna wuri biyar daga bango zuwa tsakiya, ta haɗa, sai ga maganar Baba daidai. Nan take ta kira manaja ta faɗa masa, Baba na ji, yana goge hannun da babu komai a jikinsa.

Da ta kashe waya ta nemi aron sukudireban. Ta manna kunne, ta daɗe, sannan ta ce ita fa gunji kawai take ji.

"Ni ma haka na fara," ya ce. "Gobe ki zo da wuri, ina nan."